Gyaran Hita: Wanda Za Mu Iya, Da Wanda Za Mu Bari

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu da lantarki ya kai, da hunturu ya shigo sai a ga hita cikin bokiti kusan kowane gida. Tana rage mana cin itace, mata kuma su huta da hayaƙi. Amma in ta lalace, waɗansu sukan kwance ta da wuƙa, su ɗaure da leda. Nan haɗarin yake.

Bari mu fara sanin cikinta. A cikin bututun nan na ƙarfe akwai siririyar waya wadda takan yi zafi. An kewaye ta da wani farin gari domin kada ta taɓa bututun. Muddin bututun yana lafiya, zafi kaɗai ke shiga ruwa, ban da wuta.

Abu uku muna iya gyarawa da kanmu, amma lalle sai mun zare fulogi daga bango tukuna.

Na fari, fis. Fulogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki. In ya ƙone, mu sa sabo mai lamba 13. Kada mu maye gurbinsa da guntun waya ko takardar taba, gama fis shi ne mai gadin gida.

Na biyu, wayoyin fulogi. Sukan kwance, su yi baƙi. Mu yanke inda ya ƙone, mu ɗaure tam. Mai launin ƙasa-ƙasa tana dama wajen fis, shuɗiya tana hagu, mai kore da rawaya kuwa tana sama.

Na uku, farin ɓawon da ruwan rijiya yakan bari a jikin bututu. Shi ke tare zafi har hita ta ƙone. Mu jiƙa bututun kaɗai cikin ruwan lemun tsami, ya kwana, sa'an nan mu goge da tsumma. Kada a kankare da wuƙa.

To, amma in bututun ya tsage, ko ya kumbura, ko kuwa wani ya ji girgiza a ruwan, wannan hita ta gama aiki. Wutarmu mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kisa. Mu yanke wayarta kafin mu yar, domin kada yaro ya tsinta.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta sayi mitar gwaji guda ɗaya, mai gyaran lantarki ya koya wa mutum biyu aiki da ita. Hita mai wat 1,000 in tana lafiya takan nuna wajen om 53. In mita ta nuna wuta tana ratsawa daga ƙafar fulogi ta dama ko ta hagu zuwa bututu, a yar.

Daga ƙarshe, mu tsoma kafin mu kunna, mu zare kafin mu taɓa ruwa, gama hitar da aka kunna a bushe nan da nan takan ƙone. Kuɗin sabuwa bai kai ran ɗanmu ba.