YUKKA BA ROGO BA NE: JAN KUNNE GA 'YAN KASUWA DA DILLALAI

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, akwai kaya biyu da sunayensu ke rikita mutane a takardun cinikin ƙasashen waje. Ɗaya yuka, ɗaya yukka. Shadda ɗaya ce ta raba su a rubutu, amma a kasuwa ko hanya ba su haɗa ba.

Yuka dai shi ne rogo, haka masu jin Sifaniyanci ke kiransa. Turawan Fotugal ne suka kawo shi Afirka daga Birazil fiye da shekara 400 da suka wuce, ga shi yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya nomansa. Yukka kuwa wani tsiro ne dabam, na ƙasar Meziko da kudu maso yammacin Amurka, inda ruwa ke da ƙaranci. Turawan farko ne suka ji sunan rogo a bakin mutanen tsibiran Karebiyan, suka laƙaba wa wannan. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta shi a haka, sunan ya zauna.

Wanda ya san moda ya kusa sanin kamarsa. Ganyensa dogo ne, mai kauri, da tsini kamar takobi, furensa fari a kan doguwar sanda. Ya fi iri 40, wani a ƙasa yake tsayawa, wani kuwa har itace yake zama.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen wurin, kamar Nabaho da Hofi, sun san amfaninsa. Sukan jiƙa ganyen, su buga, su fitar da zare, su tufka igiya, su saƙa takalma da tabarmi da kwanduna, kamar yadda muke yi da kaba da rama. Saiwar kuma sai a daka a zuba ruwa, ta yi kumfa, a wanke tufa da gashin kai. Wajen Hofi har ango da amarya ake wanke wa kai da ita ranar biki. To, a lura da nan: saiwar rogo abinci ce, ta yukka sabulu ce. Abin da ake ci a jikinsa fure ne da 'ya'yan wasu irin. A Salbado da Gwatamala sukan soya furen da ƙwai, su kuwa mutanen Salbado shi ne ma furen ƙasarsu.

A yau kuɗin yukka a wannan kumfa yake. Irin da ake nema shi ne wanda ake rubutawa Yucca schidigera, galibinsa daga jihar Baha Kalifoniya ta Meziko. A sare gangar jikin, ko dai a shanya a niƙa ta zama gari, ko a matse ruwanta a ƙafe shi ya yi kauri. Masu haɗa abincin kaji da na dabbobi su ne manyan masu saye, domin yana rage ɗoyin kashi, watau iskar nan mai yaji da ke tashi a ɗakin kaji ta hana su numfashi sosai. Kaɗan ake sawa, bai kai kilo guda a tan ɗin abinci ba. Masu lemon kwalba ma na sa ruwansa don kumfa, haka masu sabulun wanke kai. Akwai kuma wani irin da ake yanka gangarsa guntu-guntu a Gwatamala da Kosta Rika, a kai Turai a dasa a tukwane don ƙawata gida.

Mafi yawan na kumfar nan a daji ake sararsa, ba noma shi ake ba, ga shi kuma da jinkirin girma. Shi ya sa ba ya araha. Wanda ya kawo maka farin gari a farashin rogo ya ce yukka ne, ka kaɗa kaɗan a ruwa. Na gaskiya zai yi kumfa, garin rogo kuwa sai ya kwanta a ƙasan kofi.

Saboda haka, dillali, in oda ta zo maka, kada ka tsaya a kan sunan kasuwa. Nemi sunan masana: rogo Manihot esculenta, na kumfa Yucca schidigera. Ka tambayi mai saye abin da zai yi da kayan. In ya ce ci ko sitaci, rogo yake so, muna da shi birjik. In ya ce kumfa ko abincin kaji, wannan ba hajarmu ba ce, shigo da ita ake yi. Tambaya kafin a yi lodi ta fi shari'a bayan kaya sun sauka. Allah ya ba da kasuwa.