Kafin Mu Kira Yaro Kangararre

Kwanakin baya, a wata majalisa da ke bakin titin Kano zuwa Katsina a garin Kankiya, wani magidanci ya kawo kukan ɗansa mai shekara 14. Ya ce yaron ya kangare, har yana neman inda zai kai shi a yi masa mari. Wani dattijo da ya zo daga Kusada ya dube shi ya ce, "Malam, yaron nan kangarewa ya yi, ko kuwa kunnen ƙashi ne kawai?" Aka yi dariya, amma uban ya yi shiru. Tun daga ranar tambayar take yi mini yawo a zuci, domin sau da yawa sunan da muka laƙaba wa mutum shi ne hukuncin da muka yanke masa.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba, kuma kowace da matsayinta. Ƙiriniya ta ƙuruciya ce, girma ke maganinta. Mai kunnen ƙashi yana jin faɗa, ya juya ya sake aikata abin da aka hana shi. Mai taurin kai ra'ayinsa ya riƙe, idan aka zo masa da hujja cikin lalama yana iya sakkowa. Mai kafiya ya fi shi nisa, ya ga gaskiya amma girman kai ya hana shi karɓa. Tsaurin ido kuwa rashin kunya ne a gaban manya. Sai an wuce duk waɗannan ake isa ga kangara, inda mutum ya sandare kamar busasshen icce, ya fi ƙarfin iyaye da dangi.

Akwai kuma kalmomin da suka shafi hanya. Fanɗararre ya san turba, ya kauce mata da gangan. Ɓatacce kuwa bai san inda ya dosa ba. Wanda ya ɓata a daji ba bulala yake bukata ba, jagora yake nema. Haka ma ra'ayi: akwai gurguwar fahimta wadda ilimi ke gyarawa, akwai kuma son zuciya da aka yi wa rigar hujja.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasa da harshe ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka ga irin haka a Daura da cikin birnin Katsina. Sunan da jama'a ke kiran waɗannan wurare shi ne gidajen horar da kangararru. A ƙarƙashin wannan kalma guda aka haɗa mai shaye-shaye, da mai taɓin hankali, da yaron da ya gudu daga makaranta. Da an kira kowanne da sunan matsalarsa, da wani asibiti aka nufa da shi, wani kuma nasiha ta ishe shi.

Tarihin siyasarmu ma ya koya mana hattara. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, masu iko na kallon 'yan sawaba a matsayin marasa kunya masu tsaurin ido, don sun tambayi dalilin haraji da aikin tilas. An ɗaure da yawa daga cikinsu. Yau idan aka ambaci Malam Aminu Kano, jajircewa da tsayin daka ake cewa. Halin bai sauya ba, bakin mai ba da suna ne ya sauya. Hatta kalmar gagara, a bakin uba tsinuwa ce, a bakin maroƙi kuwa kirari ce ta mazaje.

Wannan ba yana nufin babu kangararru ba. Akwai su, kuma iyayen da ke kwana da zullumin ɗan da ƙwaya ta cinye sun cancanci tausayi da taimako. Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban. Yaron da aka yi ta kira fanɗararre tun yana ƙarami, wata rana zai yarda, ya sa rigar da aka ɗinka masa.

Saboda haka ina kira ga limamai, da malaman makarantu, da masu unguwanni da dagatai na ƙasar Kankiya da Kusada, waɗanda su ake fara kai wa irin wannan ƙara. Idan uba ya zo ya ce ɗansa ya gagara, a zaunar da shi a tambaye shi: me yaron ya yi, tun yaushe, kuma wa ya taɓa sauraron ta bakinsa? Magidancin nan na Kankiya, da aka bi diddigi, ashe yaron makarantar ce yake gudu saboda ba ya ganin rubutun allo. Tabarau aka saya masa, ba mari ba.