Kwamfuta ta hau WiFi amma babu intanet: ina matsalar take?

Alamar WiFi ta cika a ƙasan allo, kwamfuta ta ce ta haɗu, amma Chrome ya ƙi buɗe ko shafi ɗaya. A Windows saƙon da ke fitowa shi ne "No Internet, secured". Mai cike fom ɗin makaranta a ranar ƙarshe, ko mai aikin da za a biya shi idan ya tura, ya san zafin wannan saƙo. Da yawa daga nan sai shagon mai gyara, a goge kwamfutar gaba ɗaya, hotuna da takardu su salwanta, alhali sau da yawa laifin ma ba nata ba ne.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne WiFi daban, intanet daban. WiFi hanya ce tsakanin kwamfuta da na'urar da ke rarraba sabis a gida, ko MiFi ce, ko rauta, ko wayar da aka kunna wa hotspot. Intanet kuwa daga kamfanin sadarwa yake zuwa. Kamar famfo ne: bututun cikin gida na iya zama lafiya lau, amma idan ba a sako ruwa daga tanki ba, ko ɗigo ba za a gani ba. Saboda haka gyaran shi ne a bi hanyar mataki-mataki har a ga inda ta yanke.

Gwajin farko: wata na'urar

A haɗa wata waya da wannan WiFi ɗin, a kashe mata datar layinta, a buɗe shafi a burauza. Idan ita ma ta ƙi, a ƙyale kwamfutar, matsalar tana wajen MiFi ko layin. Idan ta buɗe, to a cikin kwamfutar take. Wannan gwajin na minti ɗaya ya raba aikin gida biyu.

Idan laifin layi ne

Abu mafi yawan faruwa shi ne ƙarewar data. A Najeriya, tun 2023 da hukumar NCC ta daidaita lambobin kamfanoni, *323# ke nuna ragowar data a kowane layi. A lura da irin datar ma. Wanda ya sayi ta WhatsApp ko Facebook kaɗai zai ga saƙonni na shiga a wayarsa, ya ɗauka komai lafiya, amma kwamfutar da ta hau hotspot ɗinsa ba za ta buɗe sauran shafuka ba.

Idan data na nan, a kashe MiFi ko rautar, a jira kamar daƙiƙa 30, a sake kunnawa. Za a kuma iya shiga shafin saitinta ta burauza ko da babu intanet, domin a cikin na'urar yake. Adireshin yakan zama 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma yawanci a rubuce yake a jikinta ko a ƙarƙashin batir. A nan ake ganin ko ta karanta SIM, da ƙarfin sabis ɗin da take samu.

Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin gida. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, sabis ya tabarbare a Najeriya da Ghana da wasu maƙwabta. A irin wannan rana babu saitin da zai yi magani sai haƙuri ko sauya layi.

Idan laifin kwamfuta ne

Duk na'urar da ta hau WiFi sai rauta ta ba ta lamba, wato adireshin IP. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, sannan a baƙin allon da ya fito a rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 192.168 alama ce mai kyau. Wanda ya fara da 169.254 kuwa yana nufin rautar ba ta ba da lamba ba, Windows ce ta ƙirƙiro wa kanta, kuma wannan lamba ba ta kai mutum ko'ina. Maganin shi ne a rubuta ipconfig /release, sai ipconfig /renew.

Idan adireshi ya yi daidai, a rubuta ping 8.8.8.8, lambar wata sabar Google. Amsa ta dawo amma shafuka sun ƙi buɗewa? To intanet na nan, DNS ne ya tsaya. DNS shi ne ke mayar da suna irin google.com zuwa lamba, kamar yadda waya ke nemo lambar mutum idan an taɓa sunansa. A rubuta ipconfig /flushdns. In bai yi ba, a shiga saitin WiFi ɗin a sa DNS da hannu: 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Abubuwa biyu da ake mantawa

Na farko agogo. Tsofaffin laftof da ake saye a hannu sukan zo da ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a mace. Kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta ƙi amincewa da takardar tsaron shafuka, ta riƙa gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. Gyara ranar kawai ya wadatar, kafin a canza batirin.

Na biyu VPN da firoksi. Mutane da yawa sun sauke VPN lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya a 2021, wasu kuma kwamfutarsu ta taɓa aiki a ofis ko makarantar da ke da saitinta na musamman. Idan sabar da aka saita ta daina aiki, kwamfutar za ta ci gaba da tura komai can. A kashe VPN, a duba Proxy a ƙarƙashin Network & Internet, a tabbatar babu adireshin da aka sa da hannu.

Mataki na ƙarshe

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, Windows 10 da 11 suna da Network reset a cikin Settings. Yana mayar da saitin sadarwa yadda ya zo daga kamfani, ba ya taɓa takardu ko hotuna. Sai dai yana goge kalmomin sirrin WiFi da aka adana, don haka a rubuta su a gefe tukuna.

Wanda ya kai nan bai samu sauƙi ba, zuwa wajen mai gyara ya kama shi. Amma zai je da bayani a hannu: waya ta buɗe a kan WiFi ɗin, adireshi kaza ya fito, ping ya amsa ko bai amsa ba. Mai gyaran kirki zai duba direban katin WiFi ko katin kansa. Wanda kuma ya ce sai an goge komai tun kafin ya duba, a ɗauki kwamfutar a gwada shago na gaba.