Yadda Ake Farfaɗo Da Tsohon Kwale-kwalen Iska A Amurka

A garuruwan bakin tabki na ƙasar Amurka, da wuya a zaga unguwa ba a ga wani ɗan kwale-kwale kife a bayan gida ba, ciyawa ta rufe shi, rana ta cinye launinsa. Irin waɗannan jirage ba su da inji, iska ce ke tura su ta wani babban ƙyalle da ake ɗaurawa a jikin sanda. An ƙera gangar jikinsu da faibagilas, watau zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin danko mai daskarewa, shi ya sa ba sa ruɓewa kamar katako. Mutane kan saye su da araha, wani lokaci ma kyauta ake bayarwa, amma kafin mutum ya kashe ko kwabo wajen gyara, tilas ya san asalin abin da ya ɗauko.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne mai suna Sunfish, wanda Alex Bryan da Cortlandt Heyniger suka fito da shi a garin Waterbury na jihar Connecticut. Sun haɗa farkon sunayensu suka raɗa wa kamfaninsu Alcort. Da katako suka fara, sai wajen 1960 suka koma faibagilas, kuma a 1969 kamfanin AMF ya saye su. Tsawon jirgin ƙafa 13 da inci 9, ƙyallensa mai kusurwa uku ne, irin wanda alhazan da suka bi ta ƙasa a zamanin da suka riƙa gani a kan Kogin Nilu da Bahar Maliya.

Da yake jirgin ya karɓu ƙwarai, kamfanoni da dama sun kwaikwaye shi, kuma a ido ba a cika bambancewa ba. Wanda ya yi gaggawar sayen kayan gyara yakan tarar ba su shiga ba, kuɗinsa ya tafi a banza. Don haka mai lura yakan fara duba bayan jirgin ta hannun dama. Tun daga watan Nuwamba na 1972 doka ta tilasta wa maƙera a Amurka su buga wata lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a wurin. Ukun farko na nuna kamfanin da ya ƙera, na ƙarshe kuwa su ke faɗin lokacin. In babu lambar, to, ko dai jirgin ya girmi dokar, ko kuwa wani mai fenti ya binne ta, sai a kankare a hankali.

Bayan suna sai nauyi, nan kuwa ne gaskiya ke fitowa. Lafiyayyen Sunfish bai wuce kilo 55 zuwa 60 ba. A cikinsa akwai dunƙulen soso da ke tallafar bene su kuma hana shi nutsewa, amma in ruwa ya daɗe yana shiga ta wata tsaga, soson kan sha ya ƙoshi, har mutum biyu su ɗaga jirgin da kyar. Irin wannan ba ya gudu, kuma in ya kife a tsakiyar tabki, miƙar da shi sai an sha wuya. Maganin ba ya son garaje: a yanka 'yar ƙofa a benen, a sa fanka tana hura iska makonni, wani sa'in watanni, ana aunawa har nauyin ya daina raguwa.

Neman tsagar kuwa dabarar mai faci ce. A hura iska kaɗan a ciki, a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar. Sai dai iskar da ta yi yawa takan raba bene da ganga, gyara ya koma ɓarna. Wurin da ya tsage a goge shi da takardar yashi, a shimfiɗa sabon zaren gilashi, a shafa danko, a bari ya bushe. Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake galibin sababbin shiga da shi suke son farawa.