Uwargida, Kafin Ki Biya Kuɗin Gida

Mata da yawa a Katsina kan sayar da gwal ko su kwashi adashe su sayi gida. Tambayar da suka fi yi ita ce: takardar mai unguwa ta wadatar? A'a. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sai da amincewarsa cinikin gidan birni ke tabbata. Ki sa a binciki takardar mallakar a Ma'aikatar Filaye. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu. Ki kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. Sannan sunanki za a rubuta, ba na maigida ba, kada wata rana a raba guminki cikin gadonsa. Allah ya kyauta.