Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Kwamfuta

A hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna, wanda ya yi aiki da injunan lissafi tun kafin a haife ni. Wata rana ya ji ina mita wai wayata tana daɗewa kafin ta kunnu, sai ya yi dariya, ya ce in zo in ga yadda suke tayar da kwamfuta a zamaninsu. Abin da na gani shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunan injin PDP-11. Kamfanin DEC na Amurka ya fara fitar da shi a 1970. Wai ƙaramar kwamfuta ake ce masa, alhali kuwa akwatinsa ya kai tsayin mutum. Yanzu galibi a gidajen tarihi ko hannun masu sha'awa ake samunsa, saboda haka muka yi amfani da wata manhaja, SIMH, wadda ke kwaikwayonsa a cikin kwamfutar zamani. Abin da za mu sa masa shi ne babbar manhajar Unix, fitowa ta shida, ta 1975, aikin su Ken Thompson da Dennis Ritchie. A da, nannaɗe take zuwa a tef irin na kaset, amma mai faɗin rabin inci.

To, ga inda gizo ke saƙa. Injin da babu kome a cikinsa bai san yadda ake karanta tef ba, umurnin da zai koya masa kuwa yana cikin tef ɗin. Watau an kulle ɗaki, makulli yana ciki. Tilas mutum ya sa umurnin farko da hannunsa. A gaban injin akwai jerin makunnai, sama ɗaya, ƙasa sifiri. Sai ka jera su daidai da lamba, ka ɗaga wani makunni ta shige, sa'an nan ka jera ta gaba. Lambobi shida ne, ta farko 012700, kuma da lissafin takwas-takwas ake rubuta su, babu 8 babu 9. Mu dai bugawa muka yi, amma Kawu ya ce yatsunsa har yau ba su manta ba.

Waɗannan lambobi ba su iya kome ba sai jawo gutsuren farko na tef. Shi kuma gutsuren ya fi su wayo, shi ke jawo na gaba. Da alamar = ta fito, sai na rubuta tmrk, ma'ana a kwashe daga tef a zuba a faifai. Faifan nan, RK05, faɗinsa inci 14, amma abin da yake ɗauka bai wuce megabait biyu da rabi ba. Hoto guda na wayata sai ya cika shi.

A kan injin gaske nan ne hankali ke tashi. Faifan yana juyi 1,500 a minti, kan da ke karanta shi kuwa ba ya taɓa shi, a kan iska yake shawagi. In ƙura ta shiga tsakani, sai ya kankare faifan, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Na ce a raina, da hunturun Kano ai sai addu'a. Tsohon tef ma yakan yi danƙo, har sai an gasa shi a hankali kafin a karanta, wani lokaci kuma karatu ɗaya yake jurewa.

Sau biyu ake kwafin. Na farko gutsure ɗaya ne, a ajiye shi a gurbi na 0. Na biyu gutsure 3,999, a fara daga gurbi na 1. Ni kuwa don garaje na sake buga 0, na biyu ya danne na farko. Muka tayar da faifai, shiru. Kawu yana kallona bai ce uffan ba, sai da na yi kusan awa guda ina dube-dube kafin na gano.

Na sake daga lambobi shidan nan. Wannan karon alamar @ ta fito, na rubuta rkunix, injin ya nemi sunana na shiga. Kawu ya jawo kujera, ya ce, "Matsa, ɗana, in gaisa da tsohon abokina."