Yadda Ake Fid da Mataimakin Shugaban Ƙasa

Mai jefa ƙuri'a a Gwange, ko a wata unguwa ta Maiduguri, in ya dangwala yatsa a kan alamar jam'iyya ranar zaɓen Shugaban Ƙasa, to, mutum biyu ya zaɓa. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 142, ya ce ba a karɓar takarar kowa sai ya gabatar da abokin tsayawa daga cikin jam'iyyarsa, wanda zai zama Mataimaki in sun ci. Sharuɗɗan da ke kan ɗan takara su ne ke kan abokinsa, watau ya kasance haifaffen ɗan Nijeriya, mai ilmin sakandare aƙalla, wanda ya cika shekara 35. Da shekara 40 ce, aka rage ta a 2018.

Doka ba ta ce lalle a ɗauko Mataimaki daga wani yanki ko wani addini ba. Lissafin ƙuri'a ne ke sa 'yan takara duban nesa da gida, domin rinjaye kaɗai bai isa ba, sai mutum ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohi, watau jihohi 24. Saboda haka ɗan Arewa kan nemi abokin tafiya a Kudu, ɗan Kudu kuwa ya nemo a Arewa. Haka Alhaji Shehu Shagari ya yi a 1979 da ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme daga Jihar Anambra.

Mutanen Borno sun ga wannan al'amari a ƙofar gidansu har sau biyu. A 1993 Cif Moshood Abiola na jam'iyyar SDP ya tsaya tare da Ambasada Babagana Kingibe, amma gwamnatin soja ta soke zaɓen 12 ga Yuni. A watan Yuli na 2022 kuma, a garin Daura, Bola Ahmed Tinubu na APC ya bayyana sunan Kashim Shettima, wanda ya yi Gwamnan Borno daga 2011 zuwa 2019. Kafin nan sunan Kabiru Masari aka miƙa wa Hukumar Zaɓe don kada wa'adi ya wuce, daga baya ya janye. A duka lokutan biyu an haɗa Kudu da Arewa, sai dai 'yan takarar Musulmi ne duka. A 2022 ƙungiyoyin Kirista da dama sun nuna rashin yarda, masu goyon baya kuwa suka ce cancanta da yawan ƙuri'a aka duba. An rantsar da su ran 29 ga Mayu 2023.

Wasu na ɗaukar kujerar Mataimaki abin lallashin wani yanki kurum, wannan kuwa kuskure ne. Shi ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 ke zama. Bugu da ƙari, sashe na 146 ya ce in Shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, Mataimaki ne zai hau ba tare da sabon zaɓe ba. Da Allah ya yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa ran 5 ga Mayu 2010, kashegari aka rantsar da Dokta Goodluck Jonathan, ya ƙarasa wa'adin har 2011.